Sent Helena, Daga Longwood Zuwa Kwarin Rupert

Jirgin saman da ke tashi daga Johannesburg zuwa tsibirin Sent Helena yakan yada zango a Namibiya ya sha mai, sannan ya nausa cikin tekun Atilantika ya yi sa'o'i babu abin gani sai ruwa. Abin da ke fitowa daga ƙarshe baƙin dutse ne tsaye ƙyam, faɗinsa murabba'in kilomita 122, nisansa da gaɓar Angola da Namibiya kimanin kilomita 1,900. Aman wuta ne ya tofo shi daga ƙarƙashin teku shekaru miliyan 14 da suka wuce, wutar kuma ta mutu tun kimanin shekaru miliyan 7, sai ruwan sama da iska suka karɓi aikin, suka yi ta yanka dutsen har ya zama tsaunuka da kwazazzabai masu zurfi. Ƙololuwarsa, Diana's Peak, ta kai wajen mita 820. Abin da ya fi komai tsada a nan shi ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kafin a samu inda jirgi zai sauka sai da aka cike wani kwazazzabo mai suna Dry Gut da duwatsu kusan kubik mita miliyan 8, aikin filin ya lashe fam miliyan 285, kuma ko bayan an gama, iskar da ke kaɗawa a bakin dutsen ta hana jigilar fasinja sai a watan Oktoba na 2017. A wurin da fili ya yi wannan ƙaranci, duk taƙin ƙasar da aka keɓe don tarihi an ɗauke shi ne daga bakin masu rai. Saboda haka jerin wuraren da aka kare a Sent Helena yana faɗa wa baƙo waɗanda aka ga sun cancanci a yi musu wannan sadaukarwa. Ra'ayina shi ne jerin ya bi masu gwamnati a bayansu fiye da yadda ya bi nauyin abin da ya faru, har wurin da ya fi cancantar kariya ya zama shi ne aka fi takawa.

Baƙo yakan fara da Jamestown, babban garin tsibirin, wanda ya miƙe siriri cikin kwarin James, duwatsu sun tsare shi dama da hagu. Turawan Fotugal ne suka fara ganin tsibirin a 1502, babu kowa a kansa, amma Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila ne ya kafa zama a 1659, don jiragensa masu dawowa daga Indiya da Sin su sami ruwan sha da ɗanyen abinci. Garin har yau yana da kamannin wancan zamani: ganuwa da ramin tsaro a bakin teku, ƙofar shiga, fadar mulki da suke kira Castle, cocin St James na 1774 wanda ake ƙirgawa a matsayin cocin Angilika mafi tsufa a kudancin duniya, da gidajen 'yan kasuwa masu baranda a babban titi. Daga gefen yamma Tsanin Yakubu ya miƙe sama, matakala 699, hawan mita 180. A 1829 aka gina shi a matsayin layin dogo na jan kaya zuwa barikin da ke kan tudu, gara ta cinye katakon, aka kwashe dogon a 1871 aka bar matakalar. Garar nan tana da nata labarin. A shekarun 1840 ta shigo cikin katakon wani jirgin bayi da aka kama aka farfasa, cikin shekaru ashirin ta ci rufin gidajen garin da dabensu, shi ya sa kasuwar garin ta 1865 da ƙarfe aka ƙera ta aka kawo a jirgi. Dutsen kansa bai bar garin ya huta ba. A watan Afrilu na 1890 duwatsu suka gangaro cikin dare suka kashe mutum tara, yau kuwa ragar ƙarfe ce ke riƙe da gangaren. Waɗannan gine-gine su ne wani masanin gini, Hugh Crallan, ya bi ɗaya bayan ɗaya a 1974 ya tantance darajarsu, rahotonsa ya zama tushen rajistar gine-ginen da doka ta hana a taɓa ba da izini ba. Aiki ne mai kyau, sai dai idon mai gini ne ya yi shi, kuma idon mai gini bango da rufi yake nema.

Daga Jamestown hanya takan hau tana murɗewa har ta fita daga busasshen baƙin dutse ta shiga kore shar, ta kai Longwood, wurin da akasarin baƙi suke zuwa gani. Bayan Napoliyon ya sha kashi a Waterloo, Turawan Ingila suka kawo shi nan a watan Oktoba na 1815. Ya yi wata biyu a wani ɗan ɗaki a gidan Briars, aka mayar da shi Longwood a watan Disamba, wuri mai laima da iska da hazo, inda ya rasu ran 5 ga Mayu, 1821, yana da shekara 51. Aka binne shi a wani kwari mai inuwa kusa da wata maɓuɓɓuga. Mutanensa suna so a rubuta "Napoleon" kawai a kan dutsen kabarin, yadda ake yi wa sarakuna, gwamna Hudson Lowe ya ce sai an ƙara "Bonaparte", da aka kasa daidaitawa sai aka bar dutsen babu rubutu. A 1840 Faransa ta aiko da jirgin ruwan yaƙi ya kwashe gawar zuwa Paris. Gidan kuwa bai tsira da kansa ba. Bayan rasuwar Napoliyon gona aka mayar da shi, aka kafa injin sussuka a ɗakin da ya cika, aka ɗaure dawakai a ɗakin kwanansa. Abin da ya cece shi shi ne ɗan ɗan'uwansa, Napoliyon na Uku, ya hau mulkin Faransa, ya ji abin da ake yi, ya nema a hukumance. A 1858 aka sayar wa Faransa gidan da kwarin kabarin a kan fam 7,100. A 1959 wata jikar dangin da suka sauke shi a Briars, Mabel Brookes, ta sayi wurin ta ba Faransa kyauta. Yau tutar Faransa ce ke kaɗawa a wuraren uku, ma'aikatar harkokin wajenta ke kula da su, akwai ƙaramin jakada mai zama a tsibirin don wannan aiki, kuma gabanin cikar shekara 200 da zuwan Napoliyon an tara gudummawa aka gyara ɓangaren gidan, aka kai kujeru da teburansa Paris aka sabunta su, daga baya aka dawo da su. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Napoliyon shi ne ya buɗe ƙofa, amma Ingila ta ci gaba da amfani da tsibirin a matsayin kurkukun da babu buƙatar katanga. Dinuzulu, ɗan Cetshwayo sarkin Zulu, ya zauna nan daga 1890 zuwa 1897. Fursunonin yaƙin Buwa kusan 6,000 an tsare su a sansanonin Deadwood da Broad Bottom tsakanin 1900 da 1902, waɗanda suka mutu suna da maƙabarta a Knollcombes, a jere a gangaren tudu, da dogayen duwatsu biyu ɗauke da sunayensu. Khalid bin Barghash, sultan na Zanzibar da jiragen Ingila suka tuɓe a yaƙin da bai kai awa ɗaya ba a 1896, an kawo shi a 1917 ya yi shekara huɗu. Wanda ya san yadda aka kai Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi Lakwaja ya san wannan dabara, ruwan da ke kewaye ne kawai ya fi yawa. Har kunkuru ma yana da gata a nan: Jonathan, wanda aka kawo daga Seychelles a 1882 kuma ake ƙiyasin an ƙyanƙyashe shi wajen 1832, yana kiwo a harabar gidan gwamna, yana da likitan dabbobi mai duba shi, hotonsa na kan kwabon tsibirin.

Tudu ɗaya ne ya raba Jamestown da kwarin Rupert, amma mai zagayawa da baƙi ba lallai ya bi ta can ba, domin can ne unguwar masana'antu: tashar wutar lantarki, tankokin mai, ɗakunan ajiya, sabuwar tashar jiragen ruwa, da 'yan gidaje. A shekarar da gawar Napoliyon ta bar tsibirin, 1840, a ita ce aka kafa kotun sojan ruwa a Jamestown don yanke hukunci kan jiragen bayi. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta fataucin bayi tun 1807, ta kuma sa jiragen yaƙinta sintiri a gaɓar Afirka suna tare masu kai mutane Burazil, daga baya Kuba. Waɗanda aka kama a arewa ana kai su Saliyo, na kudu kuwa, masu tasowa daga gaɓar Angola da bakin kogin Kwango, Sent Helena ta fi kusa. Tsakanin 1840 da 1872 an kawo jirage kimanin 450, aka sauke mutane wajen 25,000. Sun sauka da agana da atuni da yunwa da ƙishirwa, wasu gawa aka fito da su daga cikin jirgin. An fara killace su a kwarin Lemon, sannan Rupert ya zama babban sansani, busasshen kwari mai zafi, babu inuwa, matsuguninsu tantuna da rumfunan da aka haɗa da katakon jiragen da suka kawo su. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka mutu. Kimanin mutum 8,000 ne ke kwance a ƙarƙashin wannan kwari, a manyan maƙabartu biyu, sau da yawa mutum uku ko huɗu a rami guda. Waɗanda suka rayu ba gida aka mayar da su ba. Mafi yawansu an tura su gonakin rake na Jamaika da Trinidad da Guyana da sunan ƙwadagon yarjejeniya, wasu zuwa Cape, 'yan ɗaruruwa suka zauna a tsibirin suka narke cikin jama'arsa. A lambun Castle da ke Jamestown akwai dutsen tunawa da ma'aikatan jirgin yaƙi Waterwitch da suka mutu a wannan sintiri. Waɗanda jirgin ya ceto sun yi fiye da ƙarni ba su da ko allo.

Ba a manta suna nan ba, an dai saba da su. A shekarun 1980, lokacin gina tashar wutar lantarki, an tono ƙasusuwa. A 2008, da za a buɗe hanyar ɗaukar kaya daga bakin ruwan Rupert zuwa inda za a gina filin jirgi, aka kira masana binciken ƙarƙashin ƙasa a ƙarƙashin jagorancin Andrew Pearson, suka tono ɗan yankin da hanyar za ta bi, suka fito da ƙasusuwan mutum 325. Mafi yawansu yara ne da matasa, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su wuce shekara 12 ba. Wasu an fiƙe musu haƙora bisa al'adar garuruwansu, wasu an binne su da duwatsun wuya da tsummokin tufafi. Bayan an gama nazari aka zuba ƙasusuwan cikin kwalaye aka ajiye a wani tsohon sito a Jamestown, da niyyar a sake binne su ba da daɗewa ba. Sun yi shekara 14 a can. A cikin waɗannan shekaru an gina filin jirgi an buɗe, an gama tashar jiragen ruwa, an gyara Longwood, wasu daga cikin kayan da aka tono ma sun je baje koli a gidan tarihin bauta na Liverpool a 2014. A 2021 aka jawo reshen wayar intanet ta ƙarƙashin teku aka fito da shi a bakin ruwan Rupert, wayar da Google ya raɗa wa sunan Equiano, marubucin nan da aka sace yana yaro daga ƙasar da yau take Nijeriya aka sayar, wadda kuma wani reshenta ya sauka a Legas. Sunan bawa ya iso kwarin a jikin waya tun masu kwarin suna cikin kwali. Sai a watan Agusta na 2022 aka mayar da su ƙasa, kowa da ɗan akwatinsa na katako, bayan matsin lamba daga 'yan tsibirin, da ƙungiyar kula da kayan gado ta St Helena National Trust, da wata 'yar Namibiya, Annina van Neel, wadda ta zo aikin kula da muhalli a ginin filin jirgin ta ƙi yin shiru.

Hujja ta farko da za a kawo a kan abin da nake faɗa hujjar ciki ce, kuma tana da ƙarfi. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 4,439 a tsibirin, da yawansu tsofaffi, matasa suna fita neman aiki a Ascension da Falkland da Ingila. Tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 jiragen da ke biyowa ta nan suka ragu ƙwarai, sana'ar zaren filas da ta riƙe su ta rushe a tsakiyar shekarun 1960, yau kuma tallafin Landan, sama da fam miliyan 30 a shekara, shi ke ɗauke da kasafin kuɗinsu. Kwari biyu ne kawai a gefen da iska ba ta bugawa suke da bakin ruwa da faɗin da za a iya aiki a ciki, ɗaya garin ya cika shi, ɗayan shi ne Rupert. Ina za a kai man fetur, ina za a sauke shinkafa da siminti? Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce a kwashe tankoki a rufe kwarin bai dubi taswira ba. Amma ba abin da ake nema ke nan ba. Maƙabartun biyu ba su cinye kwarin duka ba. Tsoffin taswirori da binciken 2008 sun nuna inda suke. Abin da ake bukata shi ne a shata iyakarsu a ƙasa da kuma a doka, yadda ba za a sake huda su ba, a kuma wajabta wa duk mai kwangilar haƙa a kewayen ya yi aiki da masani a gefensa. Ƙarancin fili bai hana a bar wa Faransa hekta goma sha wani abu ba, ciki har da wani yanki na tudun Longwood, wanda yana cikin 'yan shimfiɗaɗɗun wuraren da tsibirin ya mallaka. Kuma ƙarancin fili ba shi ya tsare ƙasusuwa shekara 14 a sito ba. Wannan jinkiri na rashin mai tsaya musu ne.

Hujja ta biyu ita ce ta mai yawon buɗe ido: a Longwood akwai abin gani, ga gadon da ya kwanta, ga bahon wankansa, ga ramukan da aka ce ya huda a jikin taga don leƙen masu gadi, a Rupert kuwa sai tsakuwa da ƙaya, babu suna, babu gini in ban da wani tsohon ɗakin dutse da ya saura daga sansanin. Amsar tana cikin kwarin kabarin Napoliyon. Dutsen da ke can babu suna a kansa, ramin da ke ƙarƙashinsa babu kowa a ciki tun 1840, duk da haka an kewaye shi da shingen ƙarfe, ana share hanyarsa, baƙi suna gangarawa su tsaya shiru. Abin da ke sa su tsayawa labarin da aka ba su ne kafin su iso, da kuma ganin cewa wani ya damu da wurin. Bahaushe ma ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin a maƙabartunmu ba a saba rubuta suna ba, bayan 'yan damina kabari yakan baje, amma kowa ya san ba a gini a kai, ba a ratsawa da mota, katangar da aka ja ita ce shaida. Batun kuɗin shiga kuwa, ban yarda cewa darajar maƙabarta tana jiran yawan masu sayen tikiti ba, amma ko da wannan ma'aunin aka bi, Gore a Senegal da Elmina da Cape Coast a Ghana sun nuna cewa jikokin waɗanda aka kwashe suna ƙetare teku su zo. Rupert yana da abin da waɗancan ba su da shi. Su ƙofofin fita ne, gine-ginen masu saye da sayarwa. Nan kuwa mutanen ne da kansu, waɗanda aka sauke kai tsaye daga cikin jirgi a tsakiyar tafiya, kuma masana suna ƙirga wurin cikin mafi muhimmancin shaidun zahiri da suka rage na wannan ƙetarawa a duk duniya.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba. Ita ce cewa Ingila ta riga ta yi nata: ita ta tare jiragen, matuƙanta sun mutu da zazzaɓi a bakin aikin, me kuma ake bin ta? Ba na rage wa sintirin komai, mutanen da aka sauke a Rupert da Burazil za su, kuma da yawa sun rayu saboda shi. Amma tsibirin da kansa da bayi aka gina shi, sai a 1792 aka hana shigo da sababbi, 'yantarwa kuma ba ta kammala ba sai a shekarun 1830. Sannan wanda ya ceci mutum ya sauke shi a inda ya ga dama, ya tsare shi a sansaninsa, ya tura shi gonar da ya zaɓa, ya ɗauki amanarsa, rayayye ko matacce. Sojan ruwan Ingila ne ya kawo su, jami'anta ne suka binne su, kuɗin Landan ne ya biya hanyar da ta tono su. Ɗora wa mutum dubu huɗu da 'yan kai nauyin kula da maƙabartar da ta ninka yawansu kusan sau biyu, daga kasafin da ko asibitinsu da kyar yake riƙewa, ba adalci ba ne. Ko ganuwoyin Kamfani da ke High Knoll da Banks, waɗanda aka gina da dutsen wurin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, suna zubewa a hankali don rashin kuɗi, balle wurin da ba a ganinsa.

Saura tambayar da ta fi wuya, wato su waye danginsu. A 2023 aka buga sakamakon binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a kan mutum 20 daga cikin 325 ɗin. Ya nuna sun fito ne daga al'ummu daban-daban na yankin da ya tashi daga arewacin Angola zuwa Gabon, kuma 17 daga cikinsu maza ne. Wannan bai ba kowa suna ba, amma ya rage faɗin duhun, ya kuma nuna ƙofofin da za a ƙwanƙwasa: Luanda, Kinshasa, Brazzaville, Libreville, da kuma Kingston da Port of Spain da Georgetown, inda jikokin 'yan'uwan tafiyarsu suke. Shekara 37 Longwood ya yi a hannun manoma da dawakai kafin gwamnatin da ta ce wurin ya shafe ta ta karɓe shi. Hanyar da aka bi a 1858 ba ta toshe ba, kuma waɗannan ƙasashe ba sa bukatar sayen ko taƙi ɗaya. Ya isa su nemi a sa su cikin masu yanke shawara kan iyakar maƙabartun da abin da za a rubuta a bakinsu, su kuma sa hannu a aljihu. Mutum 325 ne aka tono aka mayar. Sauran fiye da 7,000 suna nan inda aka sa su, tsakanin tankokin mai da hanyar filin jirgi, a kwarin da ake ƙara mayar da harkar sauke kayan tsibirin cikinsa.